Tambayoyi da Amsoshi kan Raguwar Sauti da Dishewar Murya a Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Bawul

Amfilifayar jita mai aiki da bawul, wato kwalaben gilashin nan masu zafi da jan haske da aka yi amfani da su kafin taransista ta mamaye kasuwa, na'ura ce da ake iya gyarawa ko bayan shekara 60 da ƙera ta, domin kayan cikinta kaɗan ne kuma kowanne a fili yake. Domin bayanin ya tsaya a kan abu na zahiri, an ɗauki Fender Deluxe Reverb mai tsarin AB763 a matsayin misali, wadda aka ƙera a Fullerton ta jihar Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1960. Tana ba da wat 22, tana da ƙananan bawul shida, da manya biyu samfurin 6V6GT, da bawul guda samfurin GZ34 mai mayar da wutar gida zuwa wuta mai tafiya hanya ɗaya, da lasifika mai faɗin inci 12. Akasarin abin da za a faɗa a kanta ya shafi tsofaffin Marshall da Vox da makamantansu.

Akwai hatsari a buɗe ta ko da an cire ta daga wuta?

Akwai hatsari, kuma hatsari ne na rai. Wutar da ke kan manyan bawul na Deluxe Reverb ta haura bolt 400, a manyan Marshall kuwa tana kusantar 500, sannan manyan kafasitocin da ke tace wutar, wato kayan da ke tara wuta a cikinsu, suna iya riƙe caji bayan an zare fulogi daga bango. Kafin hannu ya shiga cikin akwatin ƙarfen da kayan suke, dole ne a sauke wannan cajin ta hanyar rizista mai ƙarfi, wato abin da ke rage gudun wuta, da aka haɗa tsakanin ƙafar kafasitar da jikin ƙarfen, sannan a auna da mita a ga wutar ta sauka ƙasa da bolt 10. Haɗa ƙafar da ƙarfen kai tsaye da sukudireba yana jawo tartsatsi kuma yana cutar da kafasitar. Idan aikin ya tilasta yin awo alhali amfilifayar tana kunne, a maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen tun kafin a kunna, a yi awon da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya nisanci komai, domin kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu.

Akwai kuma wani hatsarin da ya keɓanta da amfilifayoyin Amurka na wancan zamani. Sun zo da wayar wuta mai baki biyu, babu wayar ƙasa, kuma akwai wata kafasita da ke haɗa layin wutar gida da jikin ƙarfen. Idan ta lalace, jikin amfilifayar da igiyoyin jitar duk sai su ɗauki wuta. Cire wannan kafasita da sanya waya mai baki uku shi ne aikin farko a kan kowace irin wannan amfilifaya, tun kafin a yi maganar sauti. Wanda bai taɓa aiki da wuta mai wannan ƙarfi ba, to ya tsaya ga abin da ake yi daga waje, wato gwada wayoyi, da lasifika, da musanya bawul, kuma wannan kaɗai yana gano matsaloli masu yawa.

Sautin ya ragu ƙwarai, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Daga ina za a fara?

A fara daga abin da ba ya cikin amfilifayar. A cire duk ƙananan na'urorin canza sauti da ake takawa da ƙafa, a jona jitar kai tsaye da wata waya da aka tabbatar da lafiyarta, in da hali a gwada wata jitar. Wayar da ta karye daga ciki kusa da fulogi tana kawo raguwar sauti da ƙaras-ƙaras iri ɗaya da na bawul mai ciwo.

Daga nan a kunna, a bar ta ta yi ɗumi, a kai kunne kusa da lasifika. Amfilifaya mai rai ba ta yin tsit. Akwai ɗan huci da ɗan ƙugi ko ba a kaɗa komai ba. Idan ana jin su, manyan bawul da taransifomar fitar da sauti da lasifika suna aiki, matsalar tana can gaba wajen shigowar sigina. Idan kuwa shiru ne ɗungurungum, a duba maɓallin da aka rubuta wa Standby, da bawul ɗin GZ34, da wayar lasifika. A bayan Fender akwai ramuka biyu na jona lasifika, kuma na farkon yana da wani harshen ƙarfe da ke gajarta hanya idan babu fulogi a cikinsa. Wanda ya yi kuskure ya jona lasifikarsa a rami na biyu kaɗai zai ji sauti ƙanƙane mai dishi, ya ɗauka amfilifayar ta mutu, alhali canza rami ne kawai maganin.

Ramin da ake jona jita shi ma yana yin datti da tsatsa. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki a jikin fulogi, a sa a zare sau da yawa.

Ana iya gane ɓangaren da ke da laifi ba tare da an buɗe ba?

Ana iyawa, kuma wannan shi ne matakin da ya fi kowane amfani, ga shi kuma shi ne aka fi tsallakewa. Sigina tana bin hanya ɗaya daga jita zuwa lasifika, don haka neman inda ta tsaya kamar neman inda bututun ruwa ya toshe ne: a gano wuri na ƙarshe da ruwan ya kai, toshewar tana gaba da shi kaɗan.

A Deluxe Reverb ana ƙirga ƙananan bawul daga gefen da ya fi nisa da manyan. Na ɗaya yana yi wa tashar Normal aiki, na biyu tashar Vibrato. Na uku, samfurin 12AT7, yana tura sigina zuwa akwatin waya mai lanƙwasa da ke ba da amsa-kuwwa. Na huɗu yana karɓo amsa-kuwwar ya gauraya ta da sautin tashar Vibrato. Na biyar yana sa sauti karkarwa, na shida kuma, shi ma 12AT7, yana raba sigina gida biyu ya miƙa wa manyan bawul. Saboda haka idan tashar Normal lafiya lau take amma Vibrato ta raunana, zargi ya tsaya a kan na biyu da na huɗu da kayan da ke kewaye da su, babu dalilin taɓa manyan bawul ko taransifoma. Idan tashoshin biyu sun lalace iri ɗaya, laifin yana inda suka haɗu ko bayansa, wato bawul na shida, da manyan bawul, da wutar da ke ciyar da su duka, da lasifika.

Akwatin amsa-kuwwa ma yana ba da shaida. A ƙara maɓallinsa, a ɗan girgiza amfilifayar a hankali. Idan aka ji ƙara mai ƙarfi kamar tsawa, to daga bawul na huɗu har zuwa lasifika komai yana aiki, saura na biyu. Haka nan idan hayaniya ce ke damun mutum, ya mayar da maɓallin ƙara sauti zuwa ƙasa: in ta ɓace, tushenta yana kafin maɓallin, in ta tsaya, yana bayansa. In an kashe an zare bawul na shida aka sake kunnawa kuma hayaniyar tana nan, to daga manyan bawul take ko daga wutar da ke shiga musu.

Yaya ake gane bawul ya mutu ko ya gaji?

Ido yana gano wasu. A cikin kowane bawul akwai tabo mai sheƙi kamar madubi a jikin gilashin, kuma idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya gama aiki. Bawul da ba ya nuna jan haske ko kaɗan kuma ya kasance da sanyi bayan minti biyu, ko zaren dumama shi ya tsinke ko soket ba ya kai masa wuta. Shuɗin haske mara ƙarfi a jikin gilashin manyan bawul ba ciwo ba ne.

Sauran sai da musanya. Samfurin 12AX7, wanda Turai ke kira ECC83, bawul biyu ne a kwalba ɗaya, kuma rabi yana iya mutuwa ɗayan yana aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe, a bar gilashin ya huce, a ɗauko na tashar da ke da lafiya a sa a gurbin wanda ake zargi, a ga ko ciwon ya bi shi. A riƙa musanya ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya gyara ba. A kuma karanta lambar da ke jikin kowanne, domin 12AX7 da 12AT7 da 12AU7 ƙafafunsu iri ɗaya ne amma ƙarfin haɓaka siginarsu 100 ne da 60 da kusan 20. Amfilifayar da ta ratsa hannaye da yawa tana iya zuwa da 12AU7 a gurbin 12AX7, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ta zama kamar mai jin barci.

Ƙananan bawul suna iya yin shekaru masu yawa ba su gaji ba. Manya su ne ke cinyewa, kuma gajiyarsu tana zuwa a hankali: ƙasan sauti ya yi laushi, samansa ya dushe, ƙarfi ya ragu. A ganina ana gaggawar ɗora wa bawul laifi fiye da kima, saboda shi ne abin da ido ke gani kuma hannu ke iya zarewa. Sau da yawa laifin soket ne, ramukansa sun buɗe ko sun yi datti. Idan aka ɗan motsa bawul a mazauninsa da busasshen itace sauti ya dawo ko ya yi ƙara, a wanke ramukan a matse su, bayan an sauke caji.

Ai dishewa ce ake nema a irin wannan amfilifaya. Yaya za a bambance ta asali da ta ciwo?

Gaskiya ne. Marshall JTM45 ta 1962, wadda aka gina a kan tsarin Fender Bassman 5F6-A, da Vox AC30 mai bawul EL84 guda huɗu, sun yi suna ne saboda yadda muryarsu ke kaushi idan an ƙure su. Deluxe Reverb ma takan fara kaushi wajen lamba 4 ko 5 a maɓallin ƙara sauti, gwargwadon ƙarfin jitar. Wannan dishewa tana bin hannun makaɗi: ya kaɗa da ƙarfi ta fito, ya sassauta ta koma garau. Ta ciwo kuwa tana nan ko an rage sauti, ko tana fitowa kamar zuzar ƙuda a wutsiyar sauti lokacin da yake mutuwa, ko tana yanke sautin guntu-guntu, ko tana zaɓar wasu muryoyi ta bar wasu.

Tana farawa lafiya, bayan minti 15 ko 20 sai sauti ya ragu ya dishe. Me ke kawo haka?

Ciwon da ke jiran zafi yana da tushe uku da aka fi sani: dalmar da ta tsage wadda ke buɗewa idan ƙarfe ya yi zafi, da babban bawul da ya gaji, da kafasita mai yoyo. Na ukun ya fi hatsari.

Tsakanin bawul mai raba sigina da kowane babban bawul akwai kafasita mai maikrofarad 0.1. Aikinta ta bar sigina ta wuce ta kuma tare wuta mai ƙarfi da ke gefenta na farko. A ɗaya gefen, ragar babban bawul, wato sashen cikinsa da sigina ke shiga, tana zaune a kan wuta mai ragi, kusan bolt 35 ƙasa da sifili a wannan amfilifaya, kuma wannan wutar ce ke riƙe da linzamin bawul ɗin. Idan kafasitar ta tsufa ta fara yoyo, musamman in ta yi ɗumi, sai ta cinye wannan ragin, bawul ya riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa, farantin ƙarfen da ke cikinsa ya yi ja kamar garwashi. Duk wanda ya ga wannan jan, wanda ya bambanta da ɗan hasken zaren dumamawa da ke tsakiya, ya kashe nan take, domin minti kaɗan sun isa su kashe bawul ɗin, wani lokaci har da taransifomar fitar da sauti. Mai gyara zai zare manyan bawul biyun, ya auna rami na 5 na kowane soket, wanda shi ne na ragar, ya tabbatar ragin yana nan, daidai yake a duka biyun, kuma ba ya zamewa yayin da amfilifayar ke ɗumi.

Ba kowace tsohuwar kafasita ce ke yoyo ba. Na takarda da kakin zuma, da samfurin Astron na Fender ɗin shekarun 1950, da samfurin Hunts na kayan Ingila, sun shahara da shi. Shuɗɗan nan na Fender ɗin shekarun 1960 da masu ruwan ɗorawa na Mullard da ke cikin tsofaffin Marshall kuwa ba safai suke lalacewa ba, kuma asara ce a cire su ba tare da awo ya nuna laifinsu ba.

Mene ne bayas, kuma yana da hannu a dishewa?

Bayas shi ne saita yawan wutar da manyan bawul ke ja lokacin da ba a kaɗa komai. Idan ta yi kaɗan, sai a sami ɗan giɓi a daidai inda bawul ɗaya ke miƙa wa ɗayan aiki, sauti ya zama siriri mai kaushi ko a ƙaramar murya. Idan ta yi yawa, bawul ya yi zafi ya mutu da wuri. Yawancin masu gyara ba sa wuce kashi 70 cikin 100 na iyakar zafin da bawul ke ɗauka, wato wat 12 ga 6V6GT, da 25 ga EL34, da 30 ga 6L6GC. A kan bolt 420, wannan yana nufin miliamfa 20 ko kusa da haka ga kowane 6V6GT. Ana aunawa cikin sauƙi idan aka sa rizista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 ta babban bawul da jikin ƙarfe, domin kowane milibolt da mita ta nuna miliamfa ɗaya ne. Vox AC30 da ƙaramar Fender Champ suna saita kansu ta wata rizista da ke ƙarƙashin manyan bawul, don haka a wurinsu rizistar da kafasitar da ke gefenta ake dubawa.

Akwai ƙugi mai ƙarfi, kuma wata baƙuwar murya tana bin sautin da na kaɗa. Mene ne wannan?

Wannan alamar manyan kafasitocin tace wuta ce. A Deluxe Reverb masu maikrofarad 16 ne, suna ƙarƙashin wani murfin ƙarfe. Akwai danshin sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, kuma ba a yi su don su wuce shekara 20 ko makamancin haka ba, balle 60. Idan sun bushe, wutar da ke ciyar da bawul ba ta zama sumul, sai ƙugin ya gauraya da sautin jita ya haifi wata murya da ba ta dace da komai ba, ƙasan sauti kuma ya yi sako-sako. Wani lokaci amfilifayar takan riƙa bugawa fat-fat-fat da kanta.

Kunne yana iya raba ƙugi biyu. A inda wutar gida ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ƙugin kafasitocin tacewa yana kan 100, kuma wannan ya yi kusa ƙwarai da muryar da ake samu idan aka danne igiyar jita mafi kauri a gaɓa ta uku. Ƙugin da ya fi wannan zurfi, mai 50, daga wayoyin dumama bawul yake, ko rashin wayar ƙasa, ko ƙaramin bawul mai yoyo a ciki, ko kafasitar bayas.

Akwai kuma ƙananan 'yan uwansu masu maikrofarad 25 da ke gefen rizistar katod ta ƙananan bawul, katod kuwa shi ne sashen da zaren dumamawa ke zafafawa a cikin bawul. Su ba sa ƙugi idan sun bushe, sai dai su rage ƙarfin haɓakawa a ɓoye, amfilifaya ta zama mai rauni ba tare da wata alama ba. Duk mai neman dalilin raguwar sauti a amfilifayar da ba a taɓa yi wa aiki ba, to ya sa su a sahun farko. Wajen canza kafasitar bayas a kula, domin ita ƙafarta mai alamar tarawa ce ke zuwa jikin ƙarfe, saɓanin sauran.

Huci da ƙaras-ƙaras fa, ko ba a taɓa jitar ba?

Galibi rizistocin om 100,000 ne da ke kan farantin ƙananan bawul. An yi su da garin gawayi da aka matse, suna shan danshi, ƙimarsu tana hawa da tsufa, sannan su fara ƙara kamar ana soya abu. Allon baƙar takarda mai tauri da Fender ta jera kaya a kai shi ma yana shan danshi har ya fara ratsa wuta kaɗan-kaɗan, kuma alamarsa ita ce maɓallan murɗawa su riƙa ƙarce-ƙarce ko an wanke su, wani lokaci har da maɓallin jikin jitar. Amfilifayar da ta kwana damina a ɗaki mai laima ta fi fuskantar wannan, kuma busar da allon da iska mai ɗumi yakan taimaka. Ana gano kayan da ke da laifi ta hanyar ƙwanƙwasa su ɗaya-ɗaya da busasshen tsinken itace ana saurare. Kada a yi da fensir, domin bakinsa yana ɗaukar wuta. Ƙaramin bawul da aka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙararrawa ko ya fara kuka, a canza shi, ko a mayar da shi gurbin da ba ya haɓaka sigina sosai, kamar na biyar.

Idan an kai ga awo da mita, me ake nema?

A nemi zanen tsarin amfilifayar, domin Fender ta rubuta ƙarfin wutar kowane wuri a kai, tare da bayanin cewa bambancin kashi 20 cikin 100 ba laifi ba ne. A 12AX7 ƙafa ta 1 da ta 6 su ne faranti, ta 2 da ta 7 raga, ta 3 da ta 8 katod. A matakan haɓaka sigina ana sa ran ganin bolt 150 zuwa 250 a faranti, da bolt 1 zuwa 2 a katod, da sifili a raga. Idan faranti ya nuna sifili, rizistarsa ta tsinke. Idan ya nuna wuta mai yawa daidai da ta layin da ke ciyar da shi, katod kuma sifili, wannan rabin bawul ba ya aiki. Idan faranti ya yi ƙasa katod ya yi sama, a nemi kafasita mai yoyo a hanyar da sigina ke shigo masa.

A 6V6GT faranti yana ƙafa ta 3, raga ta biyu tana ƙafa ta 4, kuma tsakanin su biyun bambancin bolt kaɗan ne. A kan soket ɗin akwai rizista mai om 470 da ke kai wuta ƙafa ta 4, wadda takan ƙone idan wani bawul ya taɓa gajarta hanya a baya. In ta tsinke, wannan bawul ya daina aiki ko da sabo ne fil, ɗayan ya rage shi kaɗai yana tura rabin sigina, sakamakon kuwa sauti mai rauni da mummunar dishewa. Mutane da yawa sun sayi sababbin bawul saboda wannan rizista mai araha. A ƙarshe, amfilifaya mai wat 22 da ke da lafiya za ta ba da kusan bolt 13 a kan nauyin om 8 kafin sigina ta fara lanƙwasa.

Ko lasifikar ce, ko taransifomar fitar da sauti?

Lasifika tana da sauƙin gwadawa: a kashe, a jona amfilifayar da wata lasifikar mai om daidai, a saurara. Mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7 a mita, kuma idan aka tura takardarta a hankali da yatsu a kewayen tsakiya aka ji gogayya, naɗin wayarta ya karkace ko ya ƙone. Sukurori da suka kwance da allon gaba da ya saki suna yin zuza da ake ɗauka ta lantarki ce. Ko da wasa kada a kaɗa amfilifaya mai bawul babu lasifika a jone, domin wutar da ta rasa mafita tana komawa ta fasa rufin wayoyin taransifomar. Tsofaffin Marshall suna da wani fulogin zaɓen om a baya da kan saki, kuma sakinsa daidai yake da cire lasifika. Ita taransifomar a bar ta a ƙarshen zargi, domin ita ce mafi tsada kuma ba ta cika mutuwa haka kawai ba.

Wutar gidanmu tana da hannu?

Tana da hannu sosai ga mai amfani da irin wannan amfilifaya a Najeriya ko Nijar, inda wutar gida take bolt 220 zuwa 230, alhali wadda aka yi don kasuwar Amurka tana son kusan 117 zuwa 120. Dole ne a sa taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da amfilifayar ke ja, kuma a sani cewa taransifomar da aka naɗa don wutar Amurka mai kai da komowa sau 60 a daƙiƙa takan fi zafi a kan tamu mai 50, don haka tana buƙatar iska. Waɗanda aka yi don fitarwa waje suna da maɓallin zaɓen wuta, a tabbatar yana kan lambar da ta dace. Babu abin da ke daidaita wuta a cikin waɗannan amfilifayoyi: in ta bango ta faɗi, komai na ciki ya faɗi tare da ita, sauti ya ragu ya dishe alhali babu abin da ya lalace. Kafin a zargi komai a auna soket ɗin bango, musamman da daddare ko a kan ƙaramin janareta. Ma'auni mafi kyau shi ne wutar dumama bawul, wadda ya kamata ta zama bolt 6.3, kada ta kauce da fiye da kashi 10 cikin 100. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a soket da maɓallai, don haka rufe amfilifaya bayan ta huce yana rage wahala.

Fis yana ta ƙonewa. In sa wanda ya fi shi girma?

A'a, kuma kada a naɗe shi da waya. A zare GZ34 da manyan bawul, a sa fis mai ƙimar da aka rubuta a baya. In ya sake ƙonewa, matsalar tana wajen taransifomar wuta ko wayoyinta. In bai ƙone ba, a mayar da GZ34 tukuna, sannan manyan bawul, a ga wanda ke kawo ta. Masu gyara suna jera kwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a kan layin wutar, wanda zai yi haske sosai idan akwai gajeriyar hanya, ya kuma tare ɓarna.

An kai ta gyara, ta dawo ta fi da rauni da kaushi. Me ya faru?

Wannan yakan biyo bayan canza kaya da yawa a lokaci guda. Abin da ya wajaba a canza a tsohuwar amfilifaya sananne ne: kafasitoci masu sinadari duka, da wayar wuta, da kafasitar nan mai hatsari, da duk rizistar da ta ƙone ko ta kauce ƙwarai daga ƙimarta. Sauran sai awo ya kama su. A ɗauki hoton ciki kafin a taɓa komai, a riƙa gwadawa bayan kowane canji, a kuma adana tsofaffin kayan da aka cire domin suna cikin darajar amfilifayar. Manyan bawul ana sayensu biyu-biyu da aka auna suka dace da juna, ko na JJ da ake yi a Sulobakiya, ko na masana'antar Saratov ta Rasha, ko na Sin, kuma a sake saita bayas duk lokacin da aka sa sababbi.

Idan duk ƙimomi daidai suke amma sautin ya shaƙe, a duba yadda wayoyi suka kwanta. Wayar raga da aka matsar kusa da wayar faranti tana iya sa amfilifaya ta riƙa kuka a muryar da ta fi ƙarfin jin kunnen mutum, ƙarfinta ya ƙare a can, abin da ya rage wa jita ya zama kaɗan mai zuza a kan wasu muryoyi. Fender da kanta ta ƙara ƙananan kafasitoci a ragar manyan bawul a ƙarshen shekarun 1960 don danne wannan matsala. Ana gano ta da na'urar nuna siffar sigina, ko ta matsar da wayoyin da busasshen itace ana saurare, sannan a mayar da kowace inda hoton farko ya nuna ta. Idan kuwa an canza taransifomar fitar da sauti sai amfilifayar ta fasa ihu da zarar ta yi ɗumi, wayoyi biyun da ke zuwa ƙafa ta 3 ta manyan bawul ne aka juya, sai a kashe, a sauke caji, a musanya su.